Targaɗen da Inna Ta Yi Ta Ja

Mai kemis ɗin bakin layinmu cewa ya yi a mako biyu zan warke, in ƙafar ta yi taurin kai uku. Nawa targaɗen sai da ya cinye damina guda ya leƙa kaka, kuma har yau in hadari ya haɗo, idon sawuna ne ke fara gaya mini kafin in ɗaga labule. Likita ya ce ni na ja wa kaina. Maigidana ma haka ya ce, ƙanena ma haka. To, na ji, duk sun yi gaskiya. Amma babu ɗaya a cikinsu da aka haifa ɗan fari a ɗakin Inna, Allah ya jiƙanta, saboda haka su riƙe gaskiyarsu.

Ni ce 'yar farinta. Kakanninmu daga ruga suka shigo Bauchi, suka sayar da shanu suka kafa gida a Ƙofar Dumi, amma kunyar nan tasu da ita suka shigo, ko ƙwaya ba su bari a daji ba. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa, ba ta kallonsa ido cikin ido. Inna kuwa ta ɗauki abin ta kai shi inda har tsofaffin gidan kan ce ta sassauta. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ta matsu sai ta yi mini magana, “ke” nake. In da wani take zancena, “waccan” nake. Ranar sallah in na ci kwalliya na shiga ɗakinta ina juyi, sai ta kau da kai ta ce, “Ke, matsa, kin tare mini haske.” Ƙannena tagwaye kuwa, maza biyu da suka biyo ni, a cinyarta suka yi wayo.

Abin ya ci mini rai ina yarinya, ba zan ɓoye ba. Kakata kan ce, “Kau da kan nan da kike gani, shi ne son, ke dai ba ki da wayo.” Na girma na yarda da ita. Sai dai yarda ba ta taɓa cika mini ciki ba, kullum da 'yar yunwata nake fita daga ɗakin Inna.

Tagwayen nan su suka ja mata suna. A unguwarmu an yarda cewa macen da ta haifi tagwaye hannunta na gyara targaɗe. Ita takan yi tsaki ta ce zancen banza ne, a wurin goggonta ta koya. Ko ma mene ne, gidanmu bai rabu da masu ɗingishi ba: yara 'yan ƙwallo, masu acaɓa, matan da suka zame a bakin rijiya. Takan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta sa a kawo ruwan ɗumi da gwangwaninta na man kaɗanya. Sai ta ɗora ƙafar mutum a cinya, ta shafa, ta bi jijiya da babban yatsa tana jan sa da hira, yana cikin ba ta amsa sai ya ji ƙas! Ya yi ihunsa ya gama, ta ɗaure masa da tsumma. Kuma tana da doka ɗaya da kowa ya sani. “Targaɗe sau ɗaya ake jan sa,” in ji ta, “sai a ƙyale shi ya huta. Kada ka dawo mini gobe.”

Ni ma sau ɗaya na taɓa hawa tabarmar nan, ina 'yar firamare, na faɗo daga katangar maƙwabta garin tsinko gwaiba. Ta ja ƙafar tana zagina, fuskarta na kallon bango. Iyakar sanina, ranar ce kaɗai na ji ɗumin tafin hannunta a jikina.

Gigin tsufa ya fara mata bayan rasuwar Baba. Da farko abin dariya ne, ta sa gishiri a miya ta koma ta sake sawa, ta sallame azahar ta tashi ta sake tayarwa. Daga nan ta fara tambayar ko Baba ya dawo daga kasuwa. Sai sunaye suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga cikin tagwayen yana aiki can kudu, ɗayan shi ke zaune a gidan da matarsa, yarinya mai haƙuri, ban da abin da zan ce da ita sai alheri. Ni kuma kullum da safe nakan hau keke napep daga Gwallaga, inda nake aure, in je in yi wa Inna wanka, in wanke kayanta, in tsefe mata kai, in dawo bayan la'asar.

Wata safiya na yi sallama na shiga, sai Inna ta ɗago ta dube ni tsaf, ido cikin ido, ta washe baki. “Maraba, maraba da baƙuwa,” ta ce. “Kai, wannan baiwar Allah da kyau take. 'Yar gidan wa ce?” Matar ƙanena ta yi dariya ta ce, “Adda, yau kin samu fara'ar Inna.” Na ajiye jakata na zagaya bayan ɗaki, na toshe bakina da mayafi na yi kuka kamar a ranar aka yi mini mutuwa. Duk rayuwata kallon nan nake nema, ranar da na same shi kuma don na fita daga kanta ne.

Haka muka ci gaba fiye da shekara. Kullum ni baƙuwa ce, kullum da maraba, ta matsa mini a tabarma, ta sa a kawo mini ruwa, ta yabi zanena. In na gama yi mata wanka ta yi ta sa mini albarka, wai Allah ya ba ni masu yi mini. Na tsani fara'ar nan, wallahi na tsane ta.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Lungunmu keke ba ya shiga, a bakin titi ake sauka. Na sa ƙafa a kan katakon da aka gitta bisa kwata, ashe ya sha ruwa ya yi santsi. Ƙafar dama ta lanƙwashe a ƙarƙashina, na ji abin har tsakar kaina. Mai keken ya ce, “Subhanallahi, Hajiya, in mayar da ke gida?” Na ce ya tafi abinsa. Na dafa bango na bi lungun ina ɗingishi, kayan wanki a hammata, har na shiga tsakar gida.

Inna na zaune a tabarma. Ta ɗago da murmushin nan nata na baƙi, sai idonta ya sauka a ƙafata. Ina kallo murmushin ya ɓace. Ta ja tsaki, ta juya fuska ga bango.

“Ke,” ta ce, “har yanzu ba ki iya tafiya ba? Gansamemiya da ke. Zo nan.”

Na tsaya kamar an dasa ni. Babu maraba, babu baiwar Allah. Ta ɗaga murya ta ce a kawo mata man kaɗanya, matar ƙanena ta shiga ɗaki ta lalubo tsohon gwangwanin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na zauna na miƙa ƙafa. Ta ɗora a cinyarta, ta shafa, ta bi jijiya da yatsa, hannun nan da ba ya iya riƙe cokali sai ga shi ya tsaya cak. Ta ja. Na saki ƙara. “Yi mini shiru,” ta ce, “kada ki tara mini mutane.” Sannan ta ce wa surukarta, “Ba waccan ruwa ta sha.”

Waccan! Na karɓi kofin na sha. Matar ƙanena ta ɗauka zafi ne ya sa nake hawaye, ban gyara mata ba.

Da yamma na biya kemis. Mutumin ya matsa nan ya matsa can, ya ce targaɗe ne, ya naɗe mini da bandeji, ya ba ni ƙwayoyi. Ya ce in kwanta, in ɗora ƙafar a kan filo, in daina yawo, kuma kada in bari kowa ya sake ja. Na ce to.

Gari na wayewa na hau keke. Ban tafi da niyyar komai ba, wanka zan yi mata kamar kullum. Amma Inna ba ta da jiya. Ta ga ɗingishi, ta yi tsaki, ta kau da kai. “Ke, har yanzu ba ki iya tafiya ba? Zo nan.” Matar da ta kori mutane da yawa a kan kada su dawo mata gobe, ita ce ke warware bandejin tana neman mai. Matar ƙanena ta ce, “Inna, ai jiya kin gyara.” Na harare ta. Na miƙa ƙafa. Ja na biyu a kan kumburi, Allah kada ya nuna wa maƙiyi.

Washegari ma haka, wanshekare ma haka. Mako biyun mai kemis suka zo suka wuce, ƙafar ta zama kamar tulu, ta yi baƙi daga idon sawu har yatsu. Takalmi ya daina shiga, sai silifas ɗin maigida nake ja. Salla ta koma a zaune. Ina sane da abin da nake yi, ba wai hankalina ya gushe ba. Akwai ranar da na ce yau kam a huta, na saki dogon hijabi har ƙasa, na cije leɓe na shiga a miƙe. Inna ta tare ni da maraba, ta tambaye ni ko daga nesa nake. Ban iya jurewa ba. Na tashi kamar zan ɗauko bokiti, na bar ƙafar ta yi abin da take so, kafin in kai bakin rijiya na ji tsaki a bayana.

Kuma ba zagi kaɗai nake samu ba. In ƙafata na cinyarta bakinta kan buɗe, ta yi ta ba surukarta labarina, ni ina zaune kamar ba na wurin. “Waccan tun tana ƙarama haka take, ba ta kallon gabanta.” “Waccan ba ta cin kuɓewa, sai an yi mata miyar kuka daban.” Ashe ta sani. Ni da na ɗauka kakata ce kaɗai ta san abin da nake ci da wanda ba na ci. Wata rana tana shafa man a hankali, fuskarta a bango, ta ce, “Ranar da aka ɗauke waccan aka kai ta ɗakin tsohuwa, kasa cin abinci na yi. Ina jin kukanta ta katanga, ba halin in je. Sai in shiga banɗaki in yi nawa.” Tana rufe baki ta ja ƙafar, na yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Na haura shekara hamsin a duniya kafin in ji wannan magana, kuma da ƙafar lafiya take da ban ji ta ba har abada.

Ƙanena ne ya fara tayar da hankali. Ya tare ni a zaure ya ce, “Adda, don girman Allah ki dubi ƙafar nan. Rasa ta za ki yi.” Na ce ƙafarsa ce? Ya ce Inna ba ta san abin da take yi ba, ni kuwa na sani. Nan raina ya ɓaci. Na ce, “Kai da aka goya har ƙafafunka na jan ƙasa, kai da aka kira sunanka har ya gundure ka, me ka sani? Matsa mini in wuce.” Ya sunkuyar da kai. Da na juya baya sai ya ɗauke gwangwanin man ya ɓoye. Inna ta nema ta rasa, ta aika madafa aka ɗebo mata man gyaɗa.

Maigidana mutum ne mai sanyi, ya yi ta lallashi ina ce masa gobe zan huta. Ranar da na zo sauka daga gado ƙafar ta ƙi ɗaukata na zube a ƙasa, sai ya fita ya kira keke har ƙofar gida. A asibiti aka ɗauki hoton ƙafar. Likitan, wani matashi mai tabarau, ya ɗaga hoton ya ce ƙashi bai karye ba, amma jijiyoyin da ke riƙe da idon sawun sun yage, abin da hutun 'yan makonni zai warkar an mayar da shi babban ciwo. Ya dube ni ya ce, “Hajiya, wane mugu ne yake ja miki ƙafar nan?” Na ce, “Likita, yi aikinka.” Suka naɗe ta da simintin nan nasu fari tun daga yatsu har ƙasan gwiwa, suka ba ni sanduna biyu. Ya ce sai na fi wata ban taka ba, bayan an cire kuma sai na koyi tafiya a hankali. Ya ce in na sake bari aka taɓa ta, ni da sanda sai kabari.

Sau ɗaya na matsa aka kai ni Ƙofar Dumi da simintin. Da ƙyar na ratsa caɓin lungun, maigida na riƙe da ni. Inna ta ga farin abu da sanduna ta tsorata, ta ja jiki, ta ce, “Allah ya ba ki lafiya, baiwar Allah.” A hanyar dawowa sanda ta zame saura kaɗan in faɗa kwata. Daga ranar maigida ya ce ko ƙofar gida bai yarda ba, sai an cire.

Zaman nan shi ne mafi muni. Ina kwance a ɗaki, ƙafa a kan filo, ina jin masu walda na bakin titi da ƙarar ruwa a kan kwano. Ƙaiƙayi ya dame ni a cikin simintin, in zura tsinken tsintsiya in sosa. 'Yan dubiya su zo su ce, “Ai kin kusa, Hajiya, kwana nawa ne.” Su suna lissafin ranar da zan taka, ni ina lissafin abin da ke zubewa daga kan Inna kowace safiya ba na nan. Kullum sai na kira ƙanena a waya. “Ta ci abinci?” “Ta ci kaɗan.” “Ta yi magana?” “Ba sosai ba, Adda.” Akwai tambayar da nake so in yi, ko ta ce ina waccan, amma ban taɓa yi ba, don na san amsar kuma ba na son in ji ta a bakinsa.

Sai da ruwa ya ɗauke aka yanke simintin. Ƙafar ta fito siririya, fata na saɓulewa, kamar ba tawa ba. Na yi ta dafa bango ina zagaya tsakar gida har ta fara ɗaukata. Ranar da na iya zuwa bakin titi ba sanda, ban jira izinin kowa ba, na tsayar da keke.

A zauren gidanmu na tsaya na yi shawara da zuciyata. Sannan na shiga ina ɗingishi, na ƙarya, har da dafa bango da cije baki. Ƙanena na tsakar gida yana alwala, ya gan ni, ya gane, ya kau da kai.

Inna ta rame ƙwarai. Tana jingine da bango a kan tabarmar, an rufa mata zane a ƙafafu. Ta bi tafiyata da ido tun daga bakin zaure har na iso gabanta. Ina jiran tsaki. Sai ta yi murmushi.

“Sannu, baiwar Allah,” ta ce. “Ƙafa ce? Kawo in gani.”

Na zauna na miƙa mata. Maganar likita duk tana kunnena, amma a raina roƙon Allah nake ta ja, ta zage ni ta ja, in ya so in ƙare da sanda. Ta ɗora ƙafar a cinya. Ta bi jijiya da babban yatsa, ta danna nan, ta danna can, ta juya idon sawun a hankali. Matar da ta ƙare rayuwarta tana kallon masu ɗingishi, ni zan yi wa na ƙarya? Ta sauke ƙafar a kan tabarma kamar mai ajiye ƙwai. Wannan shi ne riƙo na ƙarshe da ta yi mini, don ba ta ga wata daminar ba, kuma har ta koma ga Allah ban sake jin “ke” a bakinta ba.

“Wannan ai ta warke,” ta ce. “Ta dai sha wuya. Kada ki bari kowa ya ja miki ita, kin ji? Targaɗe sau ɗaya ake jan sa.”

Na ce na ji. Ta dube ni tsaf, ido cikin ido, da fara'ar nan tata.

“Mahaifiyarki na da rai?”

Na ce, “Tana nan.”

“Madalla. To ki je gida ta riƙa shafa miki mai. Ki gaishe mini da ita.”

Na ce, “Za ta ji.”

Na tashi na ɗora ruwan wankanta a wuta, na dawo na fara tsefe mata kai, tana ta sa mini albarka.